Saifar Bawa da Rawanin da Muka Naɗa Masa

Jiya ina zaune ina tufka na ji ɗayanku yana cewa wai kayar da sa ba sana'a ba ce, ƙarfi ne kawai, duk ƙaton da ya ci ya ƙoshi zai iya. Na dubi mai maganar na ga ko bunsuru ne ya fizge shi sai ya sha ƙasa. To yau ga ruwa ya tsare mu a rumfa, tirela kuma ba ta iso ba, sai ku kife wayoyin nan ku saurara. Da ƙarfi ne kawai, da jakuna Sarkin Fawa ya ɗauka aikin. Sun fi mu sauƙin ciyarwa, ba sa kuma gulma.

Na zo Fatakwal ko gemu ban fara ba, a saman motar shanu, kan katakon nan da ake gicciyawa bisa ƙahonni. A Upper Iweka, wata mahaɗa a Onitsha, muka wuni cikin cunkoso, rana ta sama, fitsarin shanu ta ƙasa, har na fara tunanin ko wani laifi na yi wa kawuna da ya ce in biyo shi. Da muka iso kwata na zaci wuƙa za a ba ni. Bokiti aka miƙo mini. Damina ta zo ta wuce ta sake dawowa ina bakin ruwa ina wankin tumbi da hanji, hayaƙin tayar da ake babbaka ganda da ita yana cika mini ido. Ko masallaci na shiga sahu, sai in ga na kusa da ni ya tuna yana da uzuri a sahun baya. Amma a bokitin nan na san cikin saniya ciki da bai. Hanta, huhu, ƙoda, kowanne da inda Allah ya ajiye shi. Saifa kuwa tana manne da tumbi ta gefen hagu, doguwa kamar harshe, kuma duk kayan ciki ba abin da ya kai ta rashin ƙwari. In ka danna ta da babban yatsa sai ya shige, jini ya biyo. Wadda muka tarar ta kumbura ta yi baƙi, likitan dabbobi ba ya bari ko yanki ɗaya ya fita kasuwa. Rami ake haƙa wa saniyar gaba ɗaya, mai ita na share hawaye ana ba shi haƙuri.

Daga bokiti aka ƙara mini girma zuwa wutsiya. Mutum uku ke kayar da sa: mai kai, mai igiya, mai wutsiya. Na wutsiya shi ne ƙarami, kuma shi ke fara sanin abin da bijimi ya ci jiya.

Bijimin farko da aka ba ni igiyarsa fari ne, mai tozo, bai ma yi kama da mai faɗa ba. Na wurga zarge ya kama ƙafa ɗaya can sama, na ja da dukkan ƙarfina don 'yan kallo su san an haifi namiji. Ya ja ni a kan siminti, rub da ciki, cikin jini da kashi, har gaban teburin matan da ke sayen kayan ciki. Wandona ya tsaya a hanya, ni na ƙarasa. A ranar na koyi cewa igiya ba ja ba ce, jira ce. Zarge yana kama ƙafafun baya ne daga saman kofato, sannan ka tsaya kana kallon kafaɗar mai kai. In ka ja kafin ya murɗe wuyan, bijimi zai zabura gaba da ƙahonsa, mutum kuma na nan a wurin. In ka makara, ka bar masa nauyin dabba shi kaɗai. Shi ya sa har yau ba na taɓa igiyar roba mai sheƙin nan da kuke sayowa, wadda ke sulɓewa da ta sha jini. Rama ake aiko mini daga gida, in tufka abata da hannuna, don ran mutum nake ɗaurawa a jikinta.

Aikin mai kai kuwa, ku lura da inda yake tsayawa. Dabba ana kwantar da ita a kan gefenta na hagu, maƙogwaro na duban alƙibla. In ta faɗi ta dama, malam mai yanka zai rungume wuƙarsa ya zuba muku ido kamar kun yi tusa a masallaci, har sai kun juya ta. Don haka mai kai yana tsayawa ta daman bijimi, ya jingina haƙarƙarinsa na hagu da gindin ƙaho, ya cusa yatsu a hanci, ya murɗa, ya tura. Ta haka dabba ke faɗuwa can, ba a kansa ba. Ba a sauya gefe. Wanda ya ce zai tsaya ta hagu, to ya fara barin wasiyya.

Mai kan da na yi wa igiya mafi yawan rayuwata shi ne Bawa, wanda kuka sani da Madaki, wancan da ke zaune kan kujera da rawani yana harararku. Ba haka yake da ba. Bazazzagi ne, ni Bakano, don haka tun ranar da muka haɗu muke zagin juna, ba wanda ya isa ya shiga tsakani. Ɗan gidan fawa ne gaba da baya, ubansa da kakansa duk masu hawan ƙaho ne. Na ga wani jan bijimi mai dogon ƙaho ya tsinke ya shiga kasuwa, ya watse da masu tumatir, ya kifar da keke, direban ya haye rufin shago yana kiran uwarsa. Bawa ya bi shi da goro a baki, ba gudu ba, ya tare shi a lungu, ya yi masa magana ƙasa-ƙasa kamar mai lallashin amarya. Kafin in gama warware igiya ya shiga jikinsa. Da muka kayar, ya miƙe ya ce mini Kanawa ko igiya sai sun yi ciniki kafin su ja. Dillalai har jira suke yi ya gama da na wani, ba su yarda wani ya taɓa musu manyan shanu ba.

Sai wata shekara ta zo, wadda damina ta manta hanyar gida. Ruwa ya shiga ɗakuna, hanya ta yanke, shanu suka yi ƙaranci, sauro kuwa ya samu sarauta. Kowa a unguwarmu yana kwanciya yana tashi da zazzaɓi. Maganinmu kun san shi: a je kemis a haɗo ƙwayoyi, a sha kwana biyu, da jiki ya yi sanyi a ajiye sauran don gaba. Bawa ya fi kowa iya wannan. Tun zuwansa garin nan bai taɓa kwana a gidan sauro ba, ya ce shi ba kifi ba ne da za a sa shi a koma.

A cikin wannan wahala sai muka ga cikin Bawa yana fitowa. Mu mahauta da tumbi muke auna arziki, ko a dabba ko a mutum. Muka shiga taya shi murna. Wannan ya ce Alhaji, wancan ya ce a faɗa mana inda ake cin daɗin a ɓoye. Ni na ce ƙarshe dai an samu Bazazzagin da ya ƙoshi. Ba wanda ya lura cewa ciki na gaba, wuya na baya. Wata Madam Boma ce, mai sayar da farfesu, wadda ke sayen kayan ciki a wurinmu tun muna samari, ta tsaya ta dube shi tsaf ta ce, “Bawa, dis bele no bi chop o. Na wan said e de.” Nufinta wannan ba cikin ƙoshi ba ne, gefe guda ya karkata. Ya ce mata ta kula da tukunyarta. Amma daga ranar na sa ido. Mutumin da ke cinye malmala uku sai ya yi loma kaɗan ya ce ya cika. In ya zauna sai ya karkata dama. Cikin idonsa ya yi fari kamar na saniyar da aka gama tsiyaye wa jini.

Da abin ya dame shi ya je wurin wanzami, aka yi masa tsaga a gefen ciki, aka shafe da baƙin magani. Abin da ya samu shi ne zane, kamar an yi wa tulu ado. Kumburi na nan daram.

Wata 'yar karsana ce ta tona asiri, irin wadda Bawa ke kayarwa yana hira. Ta ɗan girgiza kai kawai, gindin ƙaho ya doki gefensa. Na ga ya sake ta, ya ja da baya, ya zauna cikin ƙazanta, gumi na karyo masa. Ya ce santsi ne. Na bar yara da aikin, na tare keke, na ce ko ya shiga ko in ɗaure shi da igiyar nan in kai shi kamar yadda ake kai irinsa.

Likitar da muka samu mace ce, 'yar ƙasar nan, ba ta da yawan magana. Ta ce ya cire riga ya kwanta. Bawa ya dube ni, na ce masa ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ta fara dannawa tun daga ƙasan ciki tana hawa, tana cewa ya ja numfashi. Da ta taɓo gefen abin sai ta ɗauki biro ta zana a fatarsa, kamar yadda dillali ke sa wa sa alama. Zanen ya taso daga ƙarƙashin haƙarƙarin hagu ya gangaro har ya kusa cibiya. Ta ce saifa ce. Ta dunƙule hannunta ta nuna mana, ta ce ta mutum mai lafiya ba ta wuce haka ba, tana ɓoye a bayan haƙarƙari, ko an laluba ba a jin ta. Tasa ta fito fili, ba ƙashin da ya kare ta.

Aka ɗebi jini, aka yi hoton ciki, muka koma bayan 'yan kwanaki. Ta ce abubuwa da yawa na kumbura saifa, akwai sikila, akwai ciwon hanta, akwai cutar jini mai tsanani, amma duk ba su ba ne. Nasa zazzaɓin cizon sauro ne da ya yi ta shiga yana fita shekara da shekaru ba a taɓa kashe shi ba, saifa tana ta fama har ta zama haka. Ta rubuta magani na watanni, ta ce ba fashi, kuma dole gidan sauro. Ta ce in ya kiyaye, tana sa ran za ta sace, ko da zai ɗauki shekara. Amma kafin nan kada komai ya doki wurin. In ta fashe, jinin a ciki zai zuba ba a waje ba, kuma kafin keke ya fita daga cunkoson garin nan an gama. Sannan ta tambaye shi aikinsa. Ya ce kasuwanci. Na ce ƙarya yake yi, na miƙe na gwada mata yadda mai kai ke tsayawa da inda yake jingina ƙaho. Ta ajiye biron, ta ce daga yau ya daina.

Maganar kada a doki wurin ta shige ni, don na san yadda yatsa ke shiga saifa. Maganar za ta sace kuwa na bar ta a ƙofar asibiti. Na ɗauka irin lallashin likitoci ne, yadda mu ma muke ce wa mai saniya Allah zai mayar da alheri.

A hanyar dawowa, da muka sauka, Bawa ya tsayar da ni. Ya riƙe hannuna ya ce, “Sale, maganar nan ni da kai da Hajara ce. Amana.” Hajara matarsa ce. Na ce ya ji abin da likita ta faɗa. Ya ce ya ji, amma in kwata ta san gefensa ya lalace, ba dillalin da zai sake kiransa, sai dai a ba shi bokiti ya zauna da yara. Ya ce, “Ubana a ƙaho ya tsufa. Ni ba zan koma wankin hanji ba.” Na ce to. Ban rantse ba, amma na ce to.

Washegari ya fito aiki da soson katifa a ƙarƙashin riga, ya ɗaure da damara tamau. Wai sulke ke nan. Mutane suka ga ciki ya ƙaru, suka ƙara masa kirarin Alhaji. Ni kuwa na shiga uku. Duk bijimin da ya shiga jikinsa, idona ba ya kan kafaɗarsa kamar yadda aka koya mini, yana kan soson nan. Na riƙa ja da wuri don in rage masa nauyi, abin da na san ya fi komai haɗari. Shanu suka riƙa faɗuwa a karkace, malam mai yanka yana tsaki, dillalai na cewa Sale ya tsufa. Tsoro nake ji, ba zan ɓoye muku ba, irin wanda ban ji ba ko ranar da aka ja ni a siminti. Na san wata safiya zan kashe mutumin nan da igiyata, ko in tsaya ina kallo bijimi ya kashe shi.

Na yi masa magana, ya ce Kanawa dama matsorata ne. Na sa Hajara, ya ce zai aika ta gida hutu. Sai na wanke ƙafa na tafi wurin Sarkin Fawa na wancan lokaci, Allah ya jiƙansa, tsoho ne ɗan siriri mai wayon tsiya. Na gaishe shi, na zauna, na zazzage masa komai. Na ce ya hana Bawa taɓa ƙaho.

Ya daɗe yana ɓare goro. Ya ce in ya hana shi, gobe Bawa zai hau mota ya tafi Onitsha ko Enugu, inda aka san sunansa ba a san cikinsa ba, ya mutu a hannun mai igiyar da bai san komai ba. Irin su Bawa ba a hana su. Sannan ya tambaye ni ko abin na warkewa. Na ce likita dai ta ce wai tana iya sacewa. Ya dube ni, na dube shi. Ya ce, “Kai da ka yi wankin ciki, ka taɓa ganin saifar da ta kumbura ta koma?” Na ce ban taɓa ba, ranka ya daɗe. Ya ce shi ma da furfurarsa bai taɓa ba. Muka yi 'yar dariya irin ta manya da suka san abin da 'yan boko ba su sani ba.

Sai ya ce kujerar Madaki ta daɗe ba kowa tun da mai ita ya rasu. Kun san al'adarmu a kwatar nan. Mai rawani ba ya taɓa ƙaho, ba ya taɓa igiya, don in sa ya buga shi cikin kashi ba shi kaɗai ya faɗi ba, sarautar ce duka ta faɗi. Kuma rawani in an naɗa an naɗa ke nan. Na ga dabarar ta yi kyau har na ji haushin ba ni na kawo ta ba.

Tsohon bai tambayi Bawa ba. Ya fara bugawa yayyen Bawa waya a Zariya ya yi musu albishir, suka sanar da dangi kaf, aka fara ɗinkin anko. Sannan ranar Juma'a bayan an sauko, a gaban dattawa da dillalai, ya sanar cewa an ga cancantar Bawa ɗan gidan fawa, an ba shi Madaki. Wuri ya kaure da kabbara da tafi. Wa zai ce ba ya so a nan? Ya kunyata gidan ubansa, ya kunyata Sarki a gaban jama'a? Bawa ya durƙusa ya yi godiya. Da ya ɗago, bai dubi Sarki ba, bai dubi masu taya murna ba. Ya bi taron da ido har ya samo ni a bayan wani mai albasa inda na raɓe.

An yi biki na gani na faɗa. Masu kalangu suka zo, aka yanka sa, wasu suka kayar da shi Bawa na zaune yana kallo cikin babbar riga. Madam Boma ta kawo farfesu tukunya guda, ta yi rawa har ɗankwalinta ya faɗi. Ni na riƙe masa gefen rawani ana naɗawa, don ni ne babban aboki. Ko kallona bai yi ba.

Ya zama Madaki, aikinsa sasanta rigima. Ban taɓa ganin alƙali irinsa ba. In mutum biyu suka kawo ƙara, sai ya zage su duka, ya zagi wanda ya rako su, su tashi sun shirya don sun samu abokin gaba ɗaya. Amma zaman ya yi masa rana. Hajara ta samu yadda take so, magani a kan lokaci, gidan sauro kowane dare, ba fashin zuwa asibiti. A hankali wuya ya ciko, ido ya yi ja, abinci ya dawo. Ciki kuma ya riƙa komawa. Na ce a raina ƙibar jiki ce ta ɓoye shi.

Da shekara ta zagayo, likitar ta danna ta danna ba ta ji komai ba. Aka sake hoto. Ta ce saifa ta koma bayan haƙarƙari inda take, ya ci gaba da kiyaye sauro, amma in yana so yana iya komawa aikinsa.

A nan ne fa na gane wautarmu, ni da Sarki da furfurarsa. Mu mahauta mun ga saifa ba adadi, amma ba mu taɓa ganin ta mai rai ba. Duk wadda ta zo hannunmu, mai ita ya riga ya sha wuƙa. Ta yaya za mu ga wadda ta warke? Wadda ta warke tana can daji cikin saniyarta tana cin ciyawa. Matar nan ta faɗa mana gaskiya da bakinta, muka ce mun fi ta sani don mun fi ta wanke hanji.

Bawa ya taho daga asibiti kai tsaye wurin Sarki, rawani a hannu, fuska kamar an yi masa bushara da Aljanna. Ya ce ya gode da karamci, a ba wani, shi zai koma bakin aikinsa. Sarki ya ce ya mayar da abin nan kansa kafin wani ya gani. Rawani abu biyu ke cire shi, mutuwa ko abin kunya, kuma in aka fara ajiye shi kamar hular sanyi, gobe ba yaron da zai ji maganar mai sarauta. Bawa ya roƙa, ya aika dattawa, ya aika malam mai yanka. Aikin gama ya gama.

Sai ya koma neman abin kunya. Ya daina zuwa zaman dattawa, aka ce Madaki na hutawa. Ya zo kwata da gajeren wando da rawani, aka ce Madaki ba shi da girman kai. Ya gaya wa wani babban dillali maganar da ba zan maimaita a gabanku ba, aka tara mu aka ce dillalin ya ba Madaki haƙuri. Abin kunya na gaske kuwa, sata ko cin amana, ba ya cikin jininsa, ko ya so ba zai iya ba. Da Sarki ya rasu aka naɗa wani, ya sake gwadawa, sabon ya ce shi ba zai warware abin da na gabansa ya ɗaura ba.

Wata ranar kasuwa aka kawo wani baƙin bijimi, irin wanda a da ba mai tunkararsa sai Bawa. Wanda ya gaje shi a aikin mai kai ya shiga sau uku ana watso shi. Ina riƙe da igiya, na waiwaya na ga Madaki a kujerarsa ya karkato gefen hagu, yatsunsa na dama sun lanƙwashe a iska, yana murɗa wuyan da ba ya hannunsa. Bai san yana yi ba. Da ƙyar muka kai dabbar nan ƙasa, ta dama ma ta faɗi, sai da aka juya ta.

Da aka watse ina naɗe igiya ya aiko a kira ni. Tun naɗinsa ba mu zauna mu biyu ba. Ban durƙusa ba, shi ma bai nemi in durƙusa ba. Ya ce, “Sale, shekara ɗaya kawai nake bukata. Ka ɗauke mini duka.”

Na ce, “Shekarar ce ba za ka kai ƙarshenta ba. Da soson katifa za ka kai?”

Ya ce da na bar shi, ko mutuwa ya yi, da a ƙaho ya mutu kamar ɗan gidansu, da har yau masu kalangu na kiran sunansa. Na ce da suna kira, shi ba ya ji, Hajara da yara ne za su ji. Na ce masa na yi kuskure a kan saifa, ban yi kuskure a kansa ba, kuma ko yau aka mayar da ni ranar, wurin Sarki zan sake zuwa. Gara ya zage ni da bakinsa da in tsaya a sahun gaba ina yi masa salla.

Na jira ya zage ni. Wallahi na so ya zage ni, ya ce Bakano maci amana, ya haɗa da kakannina, in rama, mu tashi. Sai ya gyara rawaninsa ya ce, “Na gode, Malam Sale. Kana iya tafiya.”

Tun ranar Malam Sale nake a bakinsa. Kullum da safe ina zuwa in gaishe shi kamar kowa, ya amsa mini da mutunci, ya tambayi iyali, ya sa albarka. Da aka yi auren 'yata shi ya fi kowa hidima. Ya aurar da nasa, ya ga jikoki, lafiyarsa ta fi tawa. Amma bai sake tsokanata ba ko sau ɗaya, ni kuma ba ni da bakin farawa. Ina kewar mutumin nan ƙwarai, ga shi kuwa kullum yana zaune a gabana.